Fuskar Hamidu a Bangon Tibiri

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Nasser ya zo shago da hantsi. Ɗan Alhajin nan na unguwar Zariya da ya ƙi zaman kantin ubansa ya kama harkar fim. Fim na huɗu ke nan da zan yi masa dekor, wato ni ke shirya bango da alluna da duk tarkacen da kamera za ta gani a bayan 'yan wasa. Wannan karon labarin masu satar mutane ne. Yana son takardar "ana nema", irin wadda ake mannawa a tasha, da fuskar wanda ke kai wa 'yan bindiga labari. A cikin labarin babu mai hoton mutumin, sai dai zane. Ya ce, "Baba Zakari, fuskar da in ka gani za ka ja ɗanka kusa da kai."

Na ce to.

Shekara arba'in da shida ina wannan sana'a. Na fara da zakuna da dawisu a jikin manyan motoci, na koma allunan masu aski, na yi labulen masu ɗaukar hoto, na yi manyan zanen ƙofar silima lokacin da akwai silima. Sau ɗaya ma an kai zanena Yamai aka rataye a wani zaure mai sanyi, mutane suna tsayawa suna kama haɓa. Ban taɓa zana ɓarawon mutane ba. Ga shi da tsufa an zo da shi.

Laraba, 8 ga Mayu

Ga cutata, tunda littafin nan ba ya kai tsegumi: ban iya ƙirƙirar fuska ba. Kakata ta kan zauna ta ƙago mutum ɗungurungum a tatsuniya, da muryarsa da ɗingishinsa, ni kuwa sai na aro. Duk fuskar da na taɓa zanawa ta wani ce mai rai.

Wanda na fi ara kuwa Hamidu, ɗan gwaggona, mai lambun zogale a Jiratawa. Taubashina, bawana. Tun muna samari nake sa shi a zane. A allon mai askin Sabon Gari shi ne mai sanƙo. A bangon wani mai tsire shi ne wanda kare ya ƙwace wa tsinke. A motar Alhaji Idrisa na zana shi jaki ya kayar da shi, motar ta yi shekara goma tana yawo da shi har Agadas. Shi kuma ya rama da baki, ya ce in na mutu ko fentin ba zai yi kukana ba. Haka muke. Ɗan mace da ɗan namiji, wa zai shiga tsakani?

Yau da na zauna hannuna bai ko tambaye ni ba. Tsagen Gobirawa a kumatu, tabon ƙahon saniya da ya raba girar hagu biyu, kunnen nan da ya ɗan kwanta. Na sauke masa ido kaɗan, na matse leɓen. Na rubuta sunan da Nasser ya ba ni a ƙasa, Gado, da bayanin laifin da Hausa da Faransanci.

Tasalla, matata, ta kawo mini fura ta tsaya a kaina.

"Malam, ina abin dariyar?"

"Wane?"

"Kullum in ka sa Hamidu akwai jaki ko kare. Wannan ba komai. Shi kaɗai ne."

Na ce mata ta bari a fara nuna fim ɗin a Jiratawa ta ji ihu. Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Alhamis, 9 ga Mayu

Fotokofi talatin. Na jiƙa su da ruwan shayi na shanya a rana don su tsufa. Ba yabon kai ba, ko ni sai da na sake dubawa.

Asabar, 11 ga Mayu

Tibiri. Mun manna su da koko a bangon tasha da lungun da ke bayanta. Nasser ya ɗauki fitowa uku, ɗan wasan da ya fito a jandarma, jami'in tsaro, yana nuna takardar da sanda. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso da yashi, hadarin farko na bana. Kowa ya rungumi kamera da wayoyi sai mota. Ni da gwiwar nan tawa na bi bango ina ɓamɓarowa har ruwa ya sauko.

A mota na ƙirga. Ashirin da shida.

Nasser ya ce ruwa zai wanke sauran.

Talata, 14 ga Mayu

Zafi ya dawo kamar ba a yi ruwa ba. Na yi wa wata mai ɗinki allo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Tasalla ta miƙo mini wayarta. A zauren matan Islamiyyarsu na waya aka turo. Hoton takardata ce a bango, gefe ɗaya ya ɗan ɗaye. Da saƙon murya, wani namiji yana magana a nitse: jama'a a yi hattara, ga wanda hukuma ke nema, duk wanda ya gan shi kada ya yi shiru.

Na yi dariya. Allah ya sani na yi dariya. Har wani abu ya ɗan taso mini a ƙirji, wai ashe hannun bai mutu ba, ga gari guda bai gane wasa ba ne.

Ta karɓi wayarta ta ce, "Mata saba'in ne a zauren nan. Kowace da nata zauren."

Juma'a, 17 ga Mayu

Na sami Nasser bayan masallaci. Ya ce ya gani tun jiya, talla ce kyauta. Da na ce masa fuskar ta mutum ce mai rai, sai ya cire gilashinsa.

"Baba, ba ka gaya mini ba."

"Ba ka tambaya ba."

Nan take ya rubuta a shafinsa cewa takardar ta fim ce. Ya nuna mini. Mutum goma sha ɗaya suka gani, uku 'yan wasansa ne.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa don in gaya masa da bakina.

Na same shi a bakin kanal, magudanar ruwan lambuna, ya naɗe wando, yana buɗe wa zogale ruwa. Lambun ya yi shar, ga albasa a shanye a gefe. Tun daga nesa ya fara.

"A'a! Yunwa ta koro mai fenti. Ramatu, ɗiyata, ɓoye tukunya!"

"Bawa ba ya gaida ubangidansa?"

"Ubangidan da ya zo a goye bayan yaro kamar buhun gawayi?"

Muka zauna ƙarƙashin mangwaro. Sau uku ina buɗe baki. Wayarsa irin ta da ce, mai madannai, ba ta nuna hoto, bai ga komai ba. Yana ta ba ni labarin tsutsar da ta shiga wa maƙwabcinsa. Sannan ya ce wani abu na ba shi mamaki: matan da ke zuwa sarin zogale da safe kwana biyu ke nan suna wuce nasa su shiga na gaba. "Ko na tsufa ne ban da kyan gani?"

Na ce dama can.

Muna nan wasu mutum biyu a kan moto, wato babur, suka rage gudu a kan hanyar kanal. Na bayan ya dubi wayarsa, ya dube mu, ya sake duban wayar. Suka wuce. Hamidu ya ɗaga musu hannu.

Ya cika mini leda da zogale. Na dawo ban faɗa ba.

Laraba, 22 ga Mayu

An shiga wani ƙauye can wajen iyaka shekaranjiya, an tafi da mutum biyar. Yau saƙon ya sake zuwa wayar Tasalla, hoton nan dai, muryar daban. Wannan cewa yake an ga mai tabon gira a kasuwar ƙauyen kwana biyu kafin a shiga. Wata kuma ta rubuta a ƙasa: an ce ɗan Jiratawa ne.

Ban ci tuwo ba. Na ce mata ciki ne.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na koma Tibiri da wuƙar kankare fenti. Biyu na nan a lungu, rana ta cinye su, na kankare. Ta uku wani ya yage rabi. Ta huɗu babu.

Mai shayin tasha ya nuna mini inda take. Wani ƙaton mutum a kan benci, cikin masu sintirin sa-kai na ƙauyukan kudu, ya zo sayen batir. Takardar na aljihunsa, an ninke ta huɗu an sa a leda kamar katin ɗan ƙasa. Na gaishe shi da ladabi na ce ni na zana, ta fim ce, ba gaskiya ba ce.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ka zana wanga?"

"Ni ne."

"To a ina ka san shi?"

Na ce ɗan'uwana ne, manomi ne, bai san komai ba.

"Ɗan'uwanka." Ya juya ga mai shayi. "Ka ji. Akwai shi ke nan. Mu da muna cewa ko ba a san inda shike ba." Ya tambaye ni sunan garin. Na ce Tasawa. Ƙaryar da ta fara zuwa bakina ke nan. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya riga ya ji wani suna.

Ya ce cikin biyar ɗin da aka ɗauka har da ɗiyar ƙanwarsa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ya yi zagi da na fi samun barci.

Takardar ta koma aljihu.

Asabar, 25 ga Mayu

Ramatu ta zo, babbar ɗiyar Hamidu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi hawa tabarma.

Jiya babanta ya kai albasa wata kasuwar ƙauye. Samari suka kewaye amalankensa. Aka ture masa hula don a ga girar sosai. Wani ya riga ya ɗauko igiya. Limamin garin ne, da ya san shi shekara talatin, ya shiga tsakiya ya riƙe hannunsa ya ja shi cikin masallaci, aka rufe ƙofa har jandarma suka zo suka fitar da shi. Albasar ko ɗaya ba a samu ba. A can aka nuna masa hoton.

Ta ce, "Baba, ni tun ina yarinya nake ganin zanenka. Yadda kake yin kunne. Hannunka ne."

Na ce nawa ne.

"Mi ya yi maka?"

Na fara cewa ai wasa ne, tsakanina da babanki, kin sani. Da na ji maganar a kunnena sai na yanke ta. Tasalla ce ta raka ta bakin titi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Jiratawa. Yana zaure, leɓensa a kumbure. Na yi sallama ya amsa cikakkiya, har da wabarakatuhu. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi.

"Sannu da zuwa, Malam Zakariya'u. Ya iyali?"

Shekara sittin da wani abu bai taɓa kiran sunana ba. Mai fenti, ko ɓarawon fuska, ko abin da ya fi haka muni. Na ce, "Hamidu, zage ni mana."

Ya ce, "Subhanallahi. Don mi?"

Na gaya masa duka, har zuwana na ran Lahadin da ta wuce da abin da ya kawo ni. A nan kaɗai ya ɗago kai.

"Ranar da na ba ka zogale?"

"Ranar."

"Ka sani ke nan."

Ya tambaye ni ko gwiwar ta yi sauƙi.

Talata, 28 ga Mayu

Ni da Nasser mun je wurin jandarma da sauran takardun ashirin da shida da hoton fim ɗin. Babbansu ya saurara, ya yi mana faɗan da ya dace da mu, ya rubuta wa Hamidu takardar shaida mai hatimi cewa ba a nemansa. Ya ce ya riƙa yawo da ita. Sannan ya ce, ba da mugunta ba, "Amma ka san taron mutane ba ya tsayawa karatu."

Mun ba da sanarwa a rediyo, sau uku a rana har kwana uku.

Juma'a, 31 ga Mayu

Shawarar mai garin Jiratawa ce, a yi a gaban jama'a. Na bi gari na aro tsofaffin allunana: na mai aski, na mai tsire, da ƙofar bayan motar Alhaji Idrisa da na samo a wurin masu tsohon ƙarfe, jakin na nan bai goge ba. Bayan an sallame Juma'a muka jingina su a bangon makaranta. Nasser ya nuna fitowar fim ɗin a wayarsa, ana miƙa ta hannu zuwa hannu. Ni kuma na kafa farar takarda na zana fuskar a gabansu da gawayi, tun daga gira har haɓa, minti goma.

Na yi bayani. Na ce ɗan gwaggona ne, shekara arba'in ina tsokanarsa, ga shaida. Dattawa suka gane nan da nan, wani har ya ce shi ma nasa taubashin ya taɓa sayar masa da akuyarsa. Aka yi dariya sosai wurin jakin. Mai gari ya ce magana ta mutu, duk wanda ya sake tayar da ita da shi yake.

Hamidu na zaune a gefen mai gari, an sa shi a kujera. Mutane na duban allo su dube shi, su dubi allo su dube shi. Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na tara gari na sake nuna musu girar.

Bai yi dariya ba. Da aka watse ya yi wa mai gari godiya, ya yi mini godiya.

Litinin, 3 ga Yuni

Matan zogale sun dawo lambunsa, in ji Ramatu. Alhamdu lillahi.

Laraba, 5 ga Yuni

Hoton ya dawo. Daga tsallaken iyaka wannan karon, ta wayar ƙanen Tasalla da ke Jibiya. An yanke rubutun Faransancin, an bar fuskar da kalmar "ana nema". Muryar ta uku. Wai har da lada ga wanda ya kama shi.

Jiratawa ta ji bayanina. Mutum ɗari uku, ko huɗu in an haɗa da yara. Wancan kuwa ban san iyakarsa ba. Na kan zauna in yi tunanin wayoyi nawa ne fuskar ke kwance a ciki yanzu, a aljihun mutanen da aka kashe wa wani, aka ɗauke wa wani, suna jira su ga wanda za su kama.

Kakata in ta gama tatsuniya ta kan rufe ta, ta ce ƙarya ce ta yi, kowa ya je ya kwanta. Ni na faɗi tawa ƙaryar ban san ta inda ake rufewa ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Baƙi biyu sun kwana a Jiratawa suna tambayar gidan mai tabon gira. Mai gari ya sa aka raka su bakin hanya. Sun tafi, ba su ce daga ina suke ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Hamidu ya tafi Agadas wurin ɗansa. Mai gari da 'ya'yan Hamidun suka matsa masa, sai abin ya lafa. Bai taɓa barin lambun nan na wata guda ba tun rasuwar babansa.

Na je tasha. Ya naɗa rawani ya sauko da shi har kan gira, shi da ko ranar aurensa hula ya sa. Takardar jandarma na aljihun gaba, yana ta taɓa ta. Na riƙe masa jaka, ya bar ni na riƙe.

Da za a shiga mota ya ce, "Ruwan kanal ranar Talata da Asabar ne nawa. Mijin Ramatu ba ya tashi da wuri."

Na tsaya ina jira ko zai ƙara wani abu, ko da baƙar magana guda. Yaron mota ya buga ƙofa.

Asabar, 22 ga Yuni

Kwana goma sha biyu ban rubuta ba. An yi layya lafiya.

Nasser ya kira sau biyu, yana son a sake takardar da wata fuska don a ƙarasa fim. Wayar na aljihun riga, rigar na rataye a mangwaron lambun Hamidu, hannuna da laka. Zan kira shi. Shagon ma ba rufe shi na yi ba, zafi ne ya yi yawa a Sabon Gari, kuma jan fenti ya bushe a gwangwani, sai na shiga kasuwa. Likita dama ya ce gwiwar na son motsi.

Zogale ba ya jira. In ka bar shi kwana ashirin ba yanka sai ya yi itace. Matan sun ce ban iya ɗauri ba, damin da nake ɗaurawa ya cika girma, ina cutar kaina. Ɗaya ta ce in zana ta a bangon rumfa, na ce ban zo da gawayi ba.

Yau ina buɗe ruwa wani a kan moto ya tsaya a hanyar kanal. Bai kashe injin ba. Ya daɗe yana kallon lambun, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, lambun wane ne wanga?"

Na ce nawa ne.